GPS, LoRa ko UWB: Wanne Zai Nuna Maka Inda Ɗan Mutum-mutuminka Yake a Gona?

Duk wanda ya taɓa haɗa ɗan mutum-mutumi mai tayoyi ya san sa shi ya motsa ba shi ne wahalar ba. Ƙaramin allon kwamfuta ɗaya irin Arduino ko ESP32, injinan taya, batir, sai ka ga abu yana tafiya. Inda ake cijewa shi ne ranar da aka ce ya tashi daga bakin kanal ya bi kunya ta bakwai ya dawo, ko kuma mai gona yana zaune a inuwa ya ga a wayarsa inda abin ya kai. A nan ne ɗalibanmu na Wudil da Kazaure da Haɗeja da Dutse, da samarin da suke koyon abin da kansu a ƙauye, suke yawan zuba kuɗi a kan allon rediyon da ba zai yi musu aikin ba. Kusan duk kayan nan da dala ake shigo da su, saye ɗaya da bai yi ba yana iya cinye kuɗin aikin gaba ɗaya. Shi ya sa nake so a tsaya a auna kafin a tura kuɗi.

Tun farko a raba aiki biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai rediyon da aikinsa kai saƙo ne daga mutum-mutumin zuwa wayarka ko kwamfutarka. Akwai kuma wanda aikinsa awo ne, wato gano nisa ko gano wuri. Yawancin alluna masu araha da ake samu a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari ko a intanet, irin su nRF24L01 da HC-12 da LoRa, 'yan aike ne. Suna kai saƙo da kyau, amma ba a ƙera su don su faɗi inda suke ba.

Sai kuma tambayar da ita ce za ta yanke maka hukunci: kuskuren mita nawa aikinka zai iya jurewa? Tazarar da malaman gona suke ba da shawara tsakanin kunya da kunya ta masara ko dawa ko wake santimita 75 ce. Idan faɗin mutum-mutuminka santimita 35 ne kuma kana so ya bi kwarin kunya yana feshi, abin da ya rage maka dama da hagu santimita 20 ne kawai. Idan ya wuce haka ya taka shuka. Amma idan buƙatarka ita ce ka san ko yana gabashin gona ko yammacinta, ko ya faɗa rami ne ya tsaya, kuskuren mita 3 ba zai cutar da kai da komai ba. Waɗannan buƙatu biyu ba allo ɗaya ne yake biya su ba, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu mai yawa ce.

Auna nisa da ƙarfin sigina

Wannan ita ce hanyar da kusan kowa yake fara tunani, domin a kan takarda tana da daɗi. Ka kafa alluna uku a kusurwoyin fili, ka ɗora ɗaya a kan mutum-mutumin, ka karanta lambar ƙarfin sigina da ake kira RSSI, ka ce mai ƙarfi yana kusa, mai rauni yana nesa, sai lissafi ya ba ka wuri. ESP32 yana ba da wannan lamba ta Wi-Fi da Bluetooth, XBee da LoRa ma suna bayarwa.

Matsalar ba ta rubuta manhaja ba ce, daga yanayin siginar kanta take. A sarari, inda babu abin da ya tare hanya, duk lokacin da nisa ya ninka biyu ƙarfin sigina yana sauka da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sigina). Daga mita 1 zuwa mita 2, desibel 6 ne, wannan kowane allo zai gani. Amma daga mita 20 zuwa mita 21, saukar ba ta kai rabin desibel ɗaya ba, alhali yawancin allunan nan da cikakken desibel suke ba da lambarsu. Ke nan a nisan mita 20, tafiyar mita guda ba ta ko bayyana. Ta ɗaya gefen kuma, abubuwan da suke girgiza lambar da desibel 6 ko fiye sun cika gona: mutum ya gitta tsakanin alluna biyu, mutum-mutumin ya juya eriyarsa ta kalli wani gefe, siginar da ta bugi ƙasa ta dawo ta haɗu da wadda ta zo kai tsaye ta ƙara mata ko ta rage. Girgizar desibel 6 tana nufin abin da ke mita 10 a karanta shi mita 5 ko mita 20. Daidai yake da wanda ya ce zai auna nisan masallaci da ƙarfin muryar ladan: ranar da iska ta kaɗo wajensa ya ce ga shi nan kusa, ranar da ta juya ya ce ya yi nisa.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Ruwa yana shanye sigina mai 2.4 GHz, ganyen shuka kuwa cike yake da ruwa. Awon da ka daidaita a watan Maris gona tana fili fetal ba zai yi maka aiki a Agusta ba, lokacin da dawa ta fi mutum tsayi. Ƙurar hunturu da mutane suke zargi ba ta cika taɓa sigina a irin wannan ɗan nisa ba. Ita ɓarnarta tana kan sola da bakin wayoyi da idon kyamara.

Game da nRF24L01 kuwa, wanda saboda arahar sa kowa yake da shi a aljihu, ba shi ma da ma'aunin ƙarfin sigina na gaske. Abin da ke cikinsa wata alama ce mai amsa e ko a'a: shin ƙarfin siginar ya haura wani mataki guda da aka kafa, wato −64 dBm, ko bai haura ba. HC-12 kuma yadda ake sayar da shi saƙo kawai yake miƙo maka, ba ya faɗin ƙarfin da saƙon ya zo da shi. Ka yi amfani da su wajen tuƙa mutum-mutumin daga nesa, a nan sun cancanci kuɗinsu. Inda RSSI yake da amfani shi ne tambayar "ya iso kusa da wurin cajinsa?" ko "a wane ɗaki yake?" Iyakarsa ke nan, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗalibi ya ƙarar da zangon karatu yana tace lambobin da tun asali ba su ɗauke da amsar ba.

GPS mai araha, da LoRa a matsayin ɗan aike

A nan mu mutanen karkara mun fi na birni sa'a. Abin da GPS yake so shi ne sararin sama a buɗe, ba dogayen benaye, ba lunguna. Gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure da ruwan Tiga yake shayarwa, da filayen Auyo na kwarin Haɗeja, kamar don shi aka shimfiɗa su. Ba ka buƙatar kafa komai a gona, taurarin ɗan'adam suna can sama da kilomita 20,000 suna yi maka aikin kyauta.

Allon GPS mai suna NEO-6M na kamfanin u-blox shi ne ya fi yawo a hannun ɗalibai. Takardarsa ta ce daidaitonsa mita 2.5 ne, amma a fahimci lambar da kyau: ma'anarta rabin karatun zai faɗa cikin da'irar mita 2.5, sauran rabin kuma a wajenta. Ka ajiye shi a kan turmi ka bar shi minti goma, za ka ga ɗigonsa a taswira yana yawo shi kaɗai. Wato kunya uku ko huɗu ke nan ta kowane gefe. NEO-M8N ya fi shi domin ban da taurarin Amurka yana iya sauraren na Rasha da na Turai da na Sin, don haka ya fi daurewa a gindin bishiya kuma ɗigonsa ya fi natsuwa. Idan bambancin kuɗin bai fi ƙarfinka ba, shi za ka ɗauka. Amma har yanzu maganar mita ake yi, ba santimita ba. Kasuwa kuma cike take da na jabu masu ɗauke da tambarin da ba nasu ba, don haka kada mafi araha ya ruɗe ka.

Akwai wata dabara da takan zo wa mutane: a sayi guda biyu, a ajiye ɗaya a wurin da aka sani, a debe kuskurensa daga na kan mutum-mutumin. Ba ta cika yin aiki ba, domin allunan biyu ba lalle su kasance suna lissafi da taurari iri ɗaya a sakan ɗaya ba, kowanne kuma yana tace lambobinsa ta hanyarsa.

Wuraren da GPS yake gazawa sanannu ne. Ƙarƙashin rufin kwano ya mutu murus. Gindin mangwaro da darbejiya yana rikicewa. Gawo kuwa nasa daban ne, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi duhu, don haka mai noman rani ne zai ji inuwarsa. Sannan ƙasarmu tana cikin yankin da ke kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, arewa da kudu, inda bayan faɗuwar rana saman sararin samaniya yakan hargitse ya dagula siginar taurari a wasu darare. Wanda yake shirin mutum-mutumin sintirin dare ya gwada kayansa bayan magariba, kada ya dogara da abin da ya gani da hantsi.

To ta yaya lambar wurin da GPS ya karanta za ta iso gare ka? Nan ne LoRa yake shigowa, kuma a wannan aiki ban san abin da ya kama ƙafarsa ba. Allo mai SX1276 ko SX1278 na kamfanin Semtech, da eriya mai kyau a ɗaure a saman gora, yana kai ɗan gajeren saƙo kilomita da dama a fili, ba kati, ba data, ba ruwansa da ko akwai sabis a ƙauyen. Sai dai nisa da sauri ba sa haɗuwa. A saitin da ya fi nisa, saƙo mai haruffa ashirin yana cin sama da sakan guda kafin ya gama fita, a saitin kusa kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Don haka lissafin tuƙi ya zauna a kan mutum-mutumin, LoRa ya riƙa kawo rahoto kawai. Wajen saye a duba lambar da ke jikin allon, a ɗauki 433 ko 868 MHz. Mai 915 na kasuwar Amurka ne, kuma zangonsa ya hau kan wanda wayoyin salula suke amfani da shi a nan. Kada kuma a kunna allon ba eriya a jikinsa, yana iya ƙonewa.

UWB

Wannan shi ne rediyon da aka ƙera musamman don awo, kuma a kansa zan fi daɗewa domin shi ne aka fi rashin sani. Ba ruwansa da ƙarfin sigina, lokaci yake aunawa. Sigina tana tafiyar santimita 30 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na sakan. Wanda zai iya ƙidaya lokaci da irin wannan ƙanƙanta ya samu nisa. UWB yana harba 'yan gajerun bugu a faɗin zango na kimanin 500 MHz, kuma gajartarsu ce take ba mai karɓa damar rarrabe bugun da ya zo kai tsaye da waɗanda suka bugi bango ko ƙasa suka zo a makare. Abin da yake kashe RSSI ke nan, shi kuma UWB ya tsallake shi. Wani kamfanin ƙasar Ayilan mai suna Decawave ne ya fito da DW1000 da ya sauƙaƙa abin ga masu ƙananan ayyuka, Qorvo ya saye kamfanin a 2020, daga baya DW3000 ya fito. Irin fasahar ce Apple ya sa a iPhone 11 a 2019. Yanzu ana samun alluna da aka riga aka haɗa su da ESP32, kamar na Makerfabs, ko DWM1001 mai ɗauke da nasa ƙwaƙwalwar. Idan alluna biyu suna ganin juna kuma an daidaita su, kuskuren nisa yana kusa da santimita 10. A gona ka yi lissafi da 10 zuwa 30.

Yadda ake awon shi ne na kan mutum-mutumin ya aika, tasha, wato allon da aka kafa a gefen fili, ta ɗan jira ta amsa, a debe lokacin jiran, a raba saura biyu. Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Agogon alluna biyu ba sa tafiya daidai. A ce bambancinsu kashi 20 cikin miliyan ne, jiran tashar kuma kashi ɗaya bisa dubu na sakan, kuskuren da wannan kaɗai zai haifar ya kai mita 3. Shi ya sa ake amfani da awo mai zagaye biyu, inda kowane gefe yake aikawa kuma yake amsawa, bambancin agogon ya kashe kansa. Idan ka ɗauko manhaja daga intanet ka tabbatar irin wannan take yi, ko tana gyara bambancin agogo. Zafin Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40 yana ƙara karkatar da agogo, musamman idan wani allo yana rana wani yana inuwa. Akwai kuma ɗan jinkirin da kowace eriya take da shi, wanda dole ka daidaita: ka ajiye alluna biyu a nisan da ka auna da tef, ka gyara lambar har karatun ya yi daidai da tef ɗin. Wanda ya tsallake wannan zai ga kuskure iri ɗaya a kowane awo ya ɗauka allon ne ba shi da kyau.

Tashoshi uku sun isa a lissafi, amma ka sayi huɗu. Idan jikin mutum ko buhun taki ya tare ɗaya, uku sun rage. Ka kafa su a kusurwoyi huɗu, filin aikin yana tsakiyarsu. Kada ka jera su a layi ɗaya a bakin kanal don sauƙi, domin lissafi ba zai iya bambance dama da hagun layin ba. Ka ɗaga su sama, mita 2 ko fiye, eriyar mutum-mutumin ma ta hau kan ɗan sanda. Sai dai ɗagawar tana zuwa da nata gyaran, domin allon nisan karkace yake ba ka. Idan tasha ta fi eriyar mutum-mutumin tsayi da mita 2, kuma a ƙasa tazararsu mita 3 ce, allon zai ce mita 3.6. Lissafin Fisagoras na aji uku ne yake gyara wannan, layi ɗaya ne a manhaja, amma idan aka manta da shi taswira takan lanƙwashe a kusa da kowace tasha.

Raunin UWB guda uku ne. Na farko nisa: an rage masa ƙarfin siginar da yake fitarwa sosai don kada ya dami sauran na'urori, don haka duk da takardar DW1000 tana maganar kusan mita 300 a mafi kyawun yanayi, da ƙaramar eriyar da ke jikin allo ka sa ranka a kan 'yan gomomin mita. Eka ɗaya idan murabba'i ce kowane gefe kimanin mita 64 ne, daga kusurwa zuwa kusurwa kuma mita 90. Ka ga tun a eka ɗaya an fara taɓa iyaka, sai da alluna masu ƙarin ƙarfi ko ƙarin tashoshi. Na biyu, yana son ganin ido da ido. Katangar ƙasa mai kauri ko duhun masara suna jinkirta sigina ko su tare ta, kuma kuskuren kullum ta gefen ƙari yake zuwa, wato ya ce nisan ya fi yadda yake. Na uku wuta: tasha a kunne take tana sauraro, kuma sauraron yana jan sama da miliamfa 100. Idan allon gaba ɗaya yana jan 200, batirin litiyam samfurin 18650 mai ɗaukar miliamfa-awa 2,500 zai yi awa 12 a takarda. Waɗanda ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci ba sa kaiwa nan. Tashoshi huɗu batir huɗu ke nan da za a riƙa caji, kuma kada a yi cajinsu a cikin rufaffen roba a tsakar rana, domin batirin litiyam ba a son cajinsa idan zafinsa ya wuce digiri 45.

Akwai abu na huɗu da ba ya cikin kowace takarda, amma duk manomi zai fara tambayarsa: wa zai tsare sanduna huɗu masu ɗauke da na'ura a gona? Ga yara, ga shanu masu soshe jiki da duk abin da ke tsaye, ga masu ɗauke-ɗauke. Mafita ita ce a binne guntun bututu a kowace kusurwa a kafe shi da siminti, a riƙa zura sandar da safe a cire da yamma. Da haka tashar tana komawa wurinta daidai, ba sai an sake awo ba.

RTK

Idan gonar ta wuce eka kuma dole sai an bi kunya, UWB ya gaza, GPS mai araha ya gaza, saura RTK. Shi ma taurari yake saurare, amma yana auna zangon igiyar siginar kanta, sannan yana karɓar gyara daga wani allo na biyu da aka kafe wuri ɗaya. ZED-F9P na u-blox shi ne sananne, daidaitonsa kimanin santimita 1 ne da ƙarin milimita 1 a kan kowace kilomita tsakanin allunan biyu. Wannan lamba ta biyu tana da muhimmanci gare mu: tashar tana iya zama a saman soron gidanka a cikin gari, da solarta, a tsare, gonar tana kilomita 5 ba abin da ya ragu sai rabin santimita. Tasha ɗaya kuma tana iya ciyar da mutum-mutumi nawa duk da suke yankin, abin da ƙungiyar manoma ko sashen jami'a za su iya yin karo-karo a kai.

Kuɗin ne ciwon. Allon ZED-F9P ɗaya yana kusan dala 200 ko fiye, biyu kake buƙata, kowanne da eriyarsa ta musamman. Akwai masu sauƙi irin dangin LC29H na Quectel, sai dai a karanta harafin ƙarshen sunan da kyau, domin wani na tasha ne, wani na tafiya, wani kuma ba ya RTK sam. Gyaran kuma dole ya riƙa zuwa kowane sakan, ɗaruruwan haruffa, don haka LoRa a saitinsa na nesa ba zai ɗauka ba. Ko a sa shi a saitin sauri, ko a bi ta intanet ɗin waya inda sabis yake da ƙarfi. Idan gyara ya yanke ko aka shiga gindin bishiya, daidaiton yana zamewa daga santimita zuwa rabin mita ko fiye. Allon yana faɗin halin da yake ciki a kowane saƙo, don haka ka rubuta a manhajarka cewa da zarar ya sauka daga cikakken daidaito, taya ta tsaya, feshi ya tsaya.

Tsakanin waɗannan akwai wasu guda biyu da suke auna lokaci kamar UWB amma da ƙaramin zango. ESP32-S2 da S3 da C3 suna iya auna nisa ta Wi-Fi da tsarin FTM, wanda tsohon ESP32 ba ya yi, kuskurensu mita ɗaya zuwa biyu a fili. SX1280, LoRa mai 2.4 GHz, shi ma yana awo, ya fi nisa, kuskurensa na mitoci ne. A fili ba su fi GPS da abin a zo a gani ba, ga wahalar kafa tashoshi. Amfaninsu yana ƙarƙashin rufi ga wanda kuɗin UWB ya fi ƙarfinsa. Masu haɗa rediyo da sautin da kunne ba ya ji kuwa a bar su a cikin ɗaki: saurin sauti yana tashi daga mita 343 a sakan a digiri 20 zuwa kusan 357 a digiri 42, ga iska tana kaɗa shi.

Duk wanda ka zaɓa, abu ɗaya ba zai ba ka ba, shi ne inda mutum-mutumin ya fuskanta. Eriya ɗaya wuri take faɗi, ba alƙibla ba. GPS yana ƙiyasta alƙibla daga tafiya, amma a saurin ɗan abin da bai fi tafiyar yaro ba ƙiyasin ba abin dogaro ba ne. Dole ka ƙara ma'aunin juyi irin MPU6050, da kamfas irin QMC5883L a ɗaure nesa da injinan taya da wayoyin batir, da ma'aunin zagayen taya. Shi ma'aunin taya a siminti yana da gaskiya, amma a rairayin Gumel da Maigatari da Ɓaɓura, ko a laka mai santsi ta fadama bayan ban ruwa, taya tana juyawa a wuri ɗaya yana ƙirga tafiyar da ba a yi ba. Aikin da ya yi kyau shi ne wanda taya da ma'aunin juyi suke riƙe da tuƙi daga sakan zuwa sakan, rediyo kuma yana zuwa yana gyara musu abin da suka tara na kuskure.

Ga yadda zan ba da shawara idan aka tambaye ni. Mai aiki a gidan kaji, ko sito, ko zauren makaranta, duk inda kwano ya rufe sama, UWB ne nasa, tashoshi huɗu a manne da ginshiƙai, ga wuta kusa, ga tsaro. A irin wannan wuri ba shi da abokin takara. Mai lambun tumatir ko albasa mai 'yan fangaloli, wanda bai wuce mita 40 ko 50 ba kuma shukarsa gajera ce, shi ma UWB. Mai faffaɗar gonar shinkafa ko alkama da yake son ɗan abin da zai zagaya gefe yana korar tsuntsaye ko yana ɗaukar danshin ƙasa wuri-wuri, NEO-M8N da LoRa biyu sun ishe shi, kuma shi ne ya fi kowa samun sauƙin kuɗi. Ɗalibin da aikinsa na kammala karatu ne kuma aljihunsa ba nauyi, ina ganin gara ya bi wannan hanyar ya rubuta gaskiyar kuskuren da ya auna, da ya yi alƙawarin santimita da RSSI ya zo ranar kare aiki abu yana yawo. RTK kuwa sai aikin da zai dawo da kuɗinsa, ko wanda sashe ko ƙungiya suka ɗauki nauyi. Kuma ko da RTK, a cikin dawa ko masarar da ta rufe sama, bin kunya ya fi sauƙi da 'yan ma'aunan tazara a gefe da gefe, taurari su faɗi lambar kunyar kawai.

Kafin ka sayi biyar, sayi biyu ka gwada a filin da za a yi aikin, ba a ɗakin kwana ba. Ka ari tef na magina, ka kafa turaku a mita 5, 10, 20, 30 da 50. A kowanne ka bar allon minti biyar kana adana lambobin, sannan ka duba abu biyu: matsakaicinsu ya kauce daga tef da nawa, kuma yaya faɗin yawonsu. Kaucewar matsakaici ana gyara ta da daidaitawa, faɗin yawo kuwa halin allon ne, da shi za ka zauna. Ka sa wani ya tsaya a tsakani ka ga abin da ya canja. Ka kunna injinan taya ka sake karantawa, domin hayaniyarsu da jan wutarsu suna shafar rediyo idan layin wuta ɗaya suke sha. Ka yi da sassafe, ka sake da azahar. Wajen fitar da kusurwar fili kuma igiya mai ƙulli da aka kasa gida uku, mita 3 da mita 4 da mita 5, ta isa, kuma wurin kowace tasha a auna shi da kulawa, domin kuskuren santimita 20 a wurin tasha zai bi duk lissafin da ya biyo baya. Wanda aikinsa na damina ne ya ajiye turakun a inda suke, ya dawo ya maimaita awon idan shuka ta kai ƙugu, sannan ya yanke tsayin sandunan da zai yanko.